Silin POP a Zariya: Kyansa a Ƙasa, Gaskiyarsa a Sama

Duk wanda ya shiga sabon gini a Zariya yanzu, ko a Hanwa ne ko Dogarawa ko ta wajen Gyallesu, kafin ya gama amsa sannu da zuwa idonsa ya riga ya hau sama. Silin POP ya zama kamar sharaɗi. Ango ba ya jin ya gama gida sai an yi masa, dangin amarya ma in sun zo ganin ɗaki kafin jere, sai sun ɗaga kai kafin su auna inda gado zai zauna. To, ya cancanci kuɗin da ake zuba masa? A falo da ɗakin kwana ya cancanta. A kicin da banɗaki bai cancanta ba. Kuma ko a inda ya cancanta, da yawa daga masu yinsa zane suke sayar wa mutane a waya, alhali abin da zai sa silin ya daɗe ko ya zubo yana can sama, inda mai gida ba ya leƙawa.

Shi POP ba wani abin mamaki ba ne. Wani farin dutse ne mai laushi da ake kira jifsam, a gasa shi har yawancin ruwan jikinsa ya fita, a niƙe shi ya zama gari. Da ya sake haɗuwa da ruwa sai ya ɗauki ɗumi, ya koma dutsen da yake tun asali. Shi ne dai wanda ake ɗaure karaya da shi a asibiti. Galibi a buhu mai kilo 40 yake zuwa, kuma da yake yawancinsa daga waje ake shigo da shi, farashinsa dala yake bi sau da ƙafa. Abin da maƙwabcinka ya biya bara ba hujja ba ne a bana. Alherinsa a fili yake. Yana karɓar kowace siffa, ba ya nuna mahaɗa in an iya aikin, yana shan fenti da kyau, yana rage ƙarar ruwan sama a kan kwano fiye da silin roba. Ba ya kuma cin wuta, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa ruwa ne da ke ɗaure a cikin dutsen. Abokan gabarsa biyu ne, ruwa da motsi. Ruwa ya kashe masa ƙarfi, motsi ya tsaga shi. Zariya kuwa ta tara duka biyun.

A ɗan yi lissafi tukuna, don mutane da yawa ba su san abin da ke rataye a kansu ba. Ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 ya kai sikwaya mita 13 da 'yan kai. In kaurin faranti, allon POP ɗin da ake jerawa a yi silin, ya kai milimita 12, wato kusan rabin inci, kowace sikwaya mita za ta yi nauyin kilo 13 ko kusa da haka bayan ta bushe. Ka ga shimfiɗar kawai, ba konis (adon da ke bin mahaɗar silin da bango) ba zane, ta doshi kilo 180, ta kuma cinye buhu 4. A ƙara konis a kewaye, da hawa ɗaya (ɓangaren silin da ake saukowa da shi ƙasa da sauran), da cike mahaɗai, da abin da ke zubewa a ƙasa, sai a tashi a buhu 6 zuwa 8, nauyin kuma ya haura kilo 200. Nauyin buhun siminti huɗu ke nan a saman gadon da yara ke kwana. Wanda ya ce maka buhu 3 sun ishi ɗakin, faranti zai zuba maka kamar ɓawon ƙwai. Wanda ya rubuta buhu 15 kuma, tambaye shi inda sauran za su.

Abin da ke riƙe da wannan nauyi katako ne, tubaitu (mai inci 2 sau 2) ɗin da kafinta ya jera a ƙarƙashin rufi, kuma a nan aikin ke gyaruwa ko ya lalace tun kafin a farke buhun farko. Ƙa'ida ita ce tazarar ƙafa 2 tsakanin katako da katako, a tsaye da a kwance, a kuma rataye su da manyan katakan rufi, kada a bar su suna dogara da bango kaɗai. Kafintan da ke son rarar katako yakan buɗa zuwa ƙafa 3. Daga ƙasa ba mai ganewa, sai bayan shekara tsakiyar ɗakin ta fara yin ciki.

Amma babbar cutar silin a garin nan ba tazara ba ce, ɗanyen katako ne. Katakon da ake kawowa daga kudu yakan iso da ruwansa, wanda aka saya da damina kuwa ba ya samun damar bushewa, don a watan Agusta iskar kanta a jiƙe take. Sai a buga shi haka, a ɗaure faranti a jikinsa, a yi fenti, a tare. Disamba na kamawa hunturu ya busa, iskar nan da ke tsattsage leɓe da dunduniya ta shiga rufin ta tsotse katakon. Ya tsuke, ya murɗe, POP kuwa ba ya miƙewa, ba ya lanƙwasa. Sai a wayi gari da tsaga siririya kamar silin gashi tana bin mahaɗar faranti, ko a ga konis ya rabu da bango. A kira mai aikin, ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, ai ginin ne ke zama." Wani lokacin gaskiya ya faɗa, kuma rarrabewa ba ta da wuya. Tsagar da gini ya jawo takan sauko jikin bango, ta bi kusurwar taga ko ƙofa a karkace. Wadda katako ya jawo a silin kaɗai take tsayawa, a miƙe kamar an ja ta da rula, ta buɗe baki da hunturu, ta ɗan tsuke da damina.

Maganin ba kuɗi yake ci ba, haƙuri yake ci. A sayi katako da wuri, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, ya yi makonni. Busasshe ba shi da nauyi a hannu, in aka ƙwanƙwasa yana amsawa da ƙara. Ɗanye bif yake yi, in aka buga masa ƙusa har damshi kan taso a gindinta. Sannan a shafe shi da maganin gara irin su Solignum, ko'ina, har bakin da zarto ya yanka, don ta nan gara ke samun ƙofa. Masu shafa baƙin man inji suna rage kuɗi, kuma yana ɗan yi, sai dai in zafin Maris da Afrilu ya dafa rufin, man kan tsattsafo ta cikin faranti ya bar tabon da fenti ba ya rufewa. Wanda ya ci karo da gidan gara a filinsa lokacin haƙa tushe, kada ma ya tsaya ciniki a kan magani.

Sai kwano. Ɗigo ɗaya daga ramin ƙusa ba ya nuna kansa a ranar. POP na shanyewa, ya bushe, ya sake sha, sai can a ga zobe mai ruwan ƙasa-ƙasa yana faɗi. Gidajen da aka yi wa ɓoyayyen rufi, wanda bango ke tashi ya rufe kwanon, su suka fi shan wannan wahala. Gotar da ke ciki takan cika da ganyen dogonyaro da leda da ƙurar rani, hadarin farko na Afrilu ko Mayu ya sauko da iskarsa, ruwa ya rasa hanya ya koma cikin rufi. Saboda haka tsarin da ya dace da Zariya shi ne a yi rufi, a bar damina ta gwada shi, a toshe duk inda ya nuna, a yi POP da kaka ko hunturu, lokacin da katakon ma ya gama tsukewar da zai yi. Wanda biki ya matsa wa lamba har ba zai iya jira ba, aƙalla ya hau da tiyo ya yi wa kwanon wanka na awa guda, wani yana ciki da tocila. In tabon ya riga ya fito kuma, maimaita fentin ruwa a kansa ɓata fenti ne, zai sake ɓullowa. A gyara yoyon, a bar wurin ya bushe ƙayau, a shafa hannu ɗaya na fentin mai ya kulle tabon, sannan a bi da na ruwa.

Wanda ke son sanin irin ma'aikatan da ya ɗauko, ya tsaya minti biyar a kan yaron da ke kwaɓi. Ruwa ake fara zubawa a roba, sannan a riƙa barbaɗa garin da hannu har ya daina nutsewa, ya yi ɗan tsibiri a tsakiya. A bar shi ya sha na minti ɗaya ko biyu, a juya daga ƙasa a hankali har ya yi kaurin koko. Awon kamar lita 7 na ruwa ne ga kilo 10 na gari. Wanda ya zuba ruwa a kan gari, gudaji zai samu. Daga nan yana da kamar minti goma kafin kwaɓin ya fara kamawa, cikin rabin awa ya zama dutse, shi ya sa ba a kwaɓa buhu guda a tashi ɗaya. Abu biyu ake tsarewa a nan. Robar da ba a wanke ba, mai ɓurɓushin tsohon kwaɓi, tana sa sabon ya kama da wuri tun yana hannu. Mafi muni kuma shi ne in ya fara kamawa yaro ya ƙara masa ruwa ya sake juyawa don kada oga ya yi faɗa. Wannan kwaɓin ya mutu. Zai bushe ya yi fari kamar sauran, amma farce ma na kankare shi. Haka wanda aka tsinka da ruwa don buhu ya yi auki. Yana shafuwa da daɗi, ya bushe ya zama alli.

Shi kansa garin ana gwada shi kafin a biya. A taɓa buhun, in an ji ƙulalai masu tauri a kusurwa, ya sha laima a sito, a bar musu kayansu. A kwaɓa cikin tafin hannu ɗaya a kofi: mai kyau zai yi ɗumi, cikin rabin awa ya ƙi shigar farce. A gida kuma a ɗora buhunan a kan katako, nesa da bango.

Farantan a ƙasa ake zuba su, a kan gilashi ko wani allo mai sulɓi da aka shafa wa ruwan sabulu. A zuba rabin kwaɓi, a shimfiɗa filas, a rufe da sauran. Filas zaren wata shuka ne mai kama da zaren rama, shi ne ƙashin farantin, kuma sai an wargaza shi kamar audugar da aka shiɓa, an baza shi ya gicciye juna har baki-baki. Malalacin ma'aikaci dunƙule shi yake yi ya jefa a tsakiya. In ana son ganin gaskiya, a ɗauki farantin da ya lalace a karya kusurwarsa. Mai isasshen filas zai karye amma ya ci gaba da lilo a jikin zare. Marar shi zai faɗi ƙasa kamar an fasa tangaran.

Wajen ɗorawa, da tiyon ruwa ake fitar da lebur a bango huɗu, a ja igiya, ba da ido ba. Kowane faranti ana karce bayansa, a ɗan jiƙa shi, a tsoma damin filas a kwaɓi, a naɗe katakon da shi, a baje ƙafafunsa biyu a bayan farantin. Ɗauri ɗaya a kowane santimita 40 zuwa 50, da ƙari a kusurwoyi, a tokare da sanda har ya kama. Tsakanin faranti da faranti ana barin faɗin yatsa a cusa filas da kwaɓi. In aka manna su baki da baki aka shafe sama kawai, nan tsaga za ta fara. Da hunturu sai an jiƙa bakin farantan sosai kafin cikewa, in ba haka ba busasshen faranti zai zuƙe ruwan kwaɓin kafin ya kama, mahaɗar ta zama gari. Ƙusar baƙin ƙarfe kuma ba ta shiri da POP. Tana tsatsa a cikinsa, bayan watanni a ga ɗige-ɗige ja a jere kamar an yi da gangan. In za a sa ƙusa ko waya, a sa wadda ba ta tsatsa.

Yanzu zane, inda ake yawan rigima. Mai aikin zai buɗe waya ya ce, "Hajiya, ga sabon yayi," a ga hawa uku, da'ira cikin da'ira, fulawa a kowace kusurwa, fitilu shuɗi da ja. Hoton nan a wani falo aka ɗauke shi mai tsawon ƙafa 14. Yawancin ɗakunanmu ƙafa 10 ne daga daɓe zuwa silin, wato mita 3, wasu ma ƙafa 9. Kowane hawa na cin inci 4 zuwa 6. In aka yi uku, an datse wa ɗaki fiye da ƙafa guda, ya koma kamar akwati, iskar zafi ta sauko kusa da kai. A ɗakin ƙafa 10, hawa ɗaya a kewaye mai faɗin ƙafa ɗaya da rabi zuwa biyu, tsakiya a bar ta a sama a shimfiɗe, ya wadatar. A na ƙafa 9, shimfiɗa da siririn konis kawai. Ɗakin amarya ya fi kowanne buƙatar wannan sauƙin, domin gado mai doguwar fuska da wadrof da madubi da labule mai ninki biyu duk za su shigo. In sama ma tana ihu, ido ba shi da wurin hutawa.

Fanka ce ke yanke hukunci a kan zane, ba akasin haka ba. Mai inci 56 da aka fi sawa, fukafukanta na share da'irar mita 1.4. Suna buƙatar kamar ƙafa guda tsakaninsu da silin don su sami iskar da za su turo, kuma kada su yi ƙasa da mita 2.3 daga daɓe. In an yi mata rami a tsakiya, faɗinsa ya kai ƙafa 6, in ba haka ba za ta yi ta juyi tana ƙara ba iska. Ƙugiyarta a jikin tubaifo (katako mai inci 2 sau 4) ko ƙarfen da aka kafa a rufi take, tun kafin a rufe, ba ta taɓa POP ko kaɗan, ramin da sandarta ke bi ma a bar masa ɗan sarari don girgiza. Haka fitila mai reto ta tsakiyar falo. Akwai kuma wani kuskure da ake yi kullum: a huda ƙananan fitilu daidai saman fukafukai. Da dare in fanka na juyawa, hasken ya riƙa ƙyaftawa a ɗakin har kai ya yi ciwo, yaro mai karatu ya kasa duba allo ko littafi. Kowace fitila ta nisanci tsakiyar fanka da aƙalla mita guda.

Yawan fitilun ma an wuce gona da iri. Ɗakin ƙafa 12 sau 12, ƙwayaye 4 zuwa 6 na LED masu wat 6 sun ishe shi. Falo mai ƙafa 14 sau 18, takwas. Masu jera ashirin sun ɗora wa kansu wat 120 a ɗaki ɗaya, ranar da aka ɗauke wuta aka koma kan batirin sola za su gane. A raba su a makunni uku, na tsakiya daban, na gefe daban, na ɓoye daban. A duba kwali: 3000K haske ne mai ruwan zuma, shi ya dace da ɗakin kwana, yana kuma fito da kalar katako da labule, 6500K fari ne fat irin na shagon magani. Kada a gauraya su a layi ɗaya. Fitilar igiya da ake ɓoyewa a bayan hawa tana da kyau, ba musu, amma ramin nata ma'ajiyar ƙurar hunturu ce da yanar gizo-gizo da matattun ƙwari. A bar masa bakin santimita 12 zuwa 15, yadda hannu da buroshi za su shiga, ɗan akwatin da ke rage mata wuta kuma a ajiye shi inda za a kai gare shi, don shi ke fara mutuwa. Duk wayoyi su bi ta cikin fayif, saboda ɓera.

Abubuwa biyu da ba sa cikin hotunan waya amma sun fi fulawa amfani: ramin labule, mai faɗin santimita 15, ko 20 in labulen ninki biyu ne, wanda ke ɓoye ƙarfen ya sa labule ya zubo tun daga sama, ɗakin ya ƙara tsawo a ido, da ƙofar shiga rufi, santimita 60 sau 60, a lungu ko saman wadrof. Masu aikin ba sa son ta, wai tana ɓata kwalliya. Gidan da ba shi da ita, ranar da waya ta ƙone ko jemagu suka tare, guduma za a sa.

Fenti fari marar ƙyalli ya fi. Mai ƙyalli yana tona duk wani tudu da kwari, ruwan gwal a kan fulawa kuma shekara biyu ya isa ya gundure ka. Kada a yi fentin sai silin ya bushe, kwana biyar zuwa mako da hunturu, mako biyu ko fiye da damina. A manna 'yar leda da salatif a bar ta ta kwana. In an ga gumi a cikinta da safe, da saura.

Son kallon sama ba baƙon abu ba ne a Zazzau. Wanda ya shiga tsohon ginin Masallacin Juma'a na bakin fada, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya ga yadda bakan gizo ke tashi daga ginshiƙi su haɗu, azara a jere a tsakaninsu. A tsofaffin soraye da zauruka na cikin birni har tasa ko faranti ake kafawa a inda bakunan suka haɗu, fulawar tsakiya ke nan tun kafin a san POP. Bambancin shi ne, a can adon shi ne ke ɗauke da rufin. Shi ya sa abin takaici ne a ga an rufe irin wannan soro da POP don a ce an zamanantar da shi. Ban da asarar kyau, akwai haɗari: rufin ƙasa da azara sai ana ganinsu ake sanin gara ta shiga ko damshi ya sauko. A gyara yaɓen, a shafa farar ƙasa ko fenti, a sa fitila ɗaya mai haska bakan daga ƙasa, ya fi kowane hawa uku.

Ta fuskar mu'amala, sana'ar ta daɗe a hannun mutanen Togo da Kwatano, yanzu kuma samarin gari da yawa sun koya, wasu hannunsu ya faɗa sosai. Asali ba ya nuna gwaninta. Hoto ma ba ya nunawa, don hoton kowa ne. A ce ya kai ka gidan da ya yi wa aiki wanda ya ga damina biyu da hunturu biyu. Ciniki da sikwaya mita ake yi, saboda haka a auna tsawo da faɗin ɗaki tare da shi, a rubuta, a kuma fayyace tun farko ko konis da hawa da huda fitilu da kwashe shara suna ciki, don nan ne "Alhaji, ai wannan daban ne" ke fitowa ranar biya. Jingar kaya da aiki tana hutar da mai gida, amma ita ke sa a tsinka kwaɓi a rage filas. Ka sayi kayanka, ka biya kuɗin hannu, kana ƙirga buhunan da aka farke, ya fi. Kafin alƙalami kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku, a kuma riƙe wani abu har silin ya bushe.

Aikin yana da ƙazanta, wannan ba makawa. A gama wayarin da fayif ɗin na'urar sanyaya ɗaki da filasta kafin su shigo, tayil da fenti su biyo baya. In tayil ya riga ya sauka, a rufe shi da leda da kwali. A hana su wanke roba a banɗaki ko a kwata, domin POP ko a cikin ruwa kamawa yake yi, zai toshe fayif sai an fasa. In tsohon silin za a cire, a kula: da yawa daga tsofaffin gidajen Sabon Gari da Tudun Wada da kwatas-kwatas na ma'aikata allunan asbestos ne a samansu, ƙurarsu na lalata huhu. A jiƙa su, a zare su ɗaya-ɗaya ba tare da an fasa ba, a rufe hanci, a fitar da yara.

A kicin da banɗaki, silin roba na PVC ya fi POP, don tururi da maiƙo ba sa yi masa komai, da tsumma ake goge shi. Aibinsa in katako ya yi nisa zafin kwano na sa shi ya saki, a gobara kuma narkewa yake da hayaƙi mai guba. Ɗan haya ma PVC ya fi masa, ko ya haƙura, tunda POP ba ya ciruwa a tafi da shi. Wanda ke son shimfiɗa mai sauƙi ba lanƙwasa, ya duba allon jifsam na kamfani, mai ƙafa 4 sau 8, da ake ɗaurewa a kan ƙarfe marar tsatsa: ba gara, ba tsukewar katako, bai kai POP nauyi ba, sai dai dole a sa wa mahaɗansa tef kafin a shafe. A ƙarƙashin dekin kuwa, in ba wayoyi ko fayif za a ɓoye ba, sikiridin (shafen da ke sa siminti ya yi sulɓi) da konis sun isa, ba sai an rataya komai ba.

Kafin a miƙa cikon kuɗi, a jira dare. A kashe fitilu, a hau tsani, a kwantar da tocila a jikin silin yadda haskenta zai bi shi a kwance. Duk mahaɗar da ba a goge da sanfefa ba, duk tudu da kwari, za su fito da inuwarsu, a zagaye su da fensir. Da safe a tura wani ta ƙofar rufi, ya taka manyan katakai kawai, kada ya kuskura ya ɗora ƙafa a kan faranti. Ya ƙirga ɗauri a bayan faranti biyu ko uku, ya kama ɗaya ya ɗan girgiza, ya duba ko katakon ya sha magani, ya kuma tabbatar ba a bar ɓaraguzai da robar kwaɓi a can sama suna ƙara wa silin nauyi ba.